Miyar Karkashi a Jajibirin Jarrabawa

Wata huɗu na yi a Kano ina haddar gaisuwar Sinanci kafin in taso. Ejan ɗin da ya samo mini aikin ya rantse mini cewa makarantar 'ya'yan manyan China ce, bene hawa goma, har da wurin ninƙaya. Ranar da tasi ta ajiye ni a wani layi a Baiyun, cikin Guangzhou, na ɗaga kai na ƙirga hawa uku: ƙasa gidan gashin nama, tsakiya shagon aski, can sama makaranta. Wurin ninƙaya kuwa har yau ban gan shi ba, sai dai wani kwanon gilashi a ofis mai kifi biyu a ciki.

Na haye sama ina jan akwati, na tarar da wata 'yar gajeriyar mata mai furfura a bakin ƙofa. Na gyara murya na sakar mata "Nihaw" ɗin da na sha wahala a kansa. Ta dube ni, ta dubi takalmina, sannan ta ce da Turanci, "Mu Koriyawa ne. Cire takalmi."

Wannan ita ce Madam Yun, mai makarantar. A zaman farko ta warware mini komai. Layin nan gaba ɗayansa na Koriyawa ne masu masana'antun jakunkuna da tufafi. 'Ya'yansu suna zuwa boko da safe, ƙarfe huɗu kuma su hauro nan a ƙara musu darasi, ni ce zan riƙa koya musu Turanci. Na fita baranda na kira ejan don in ji bahasi, wayarsa a kashe. Har yanzu da nake wannan rubutu bai kunna ta ba.

"Kwantiraginki shekara ɗaya ne," in ji Madam Yun da na dawo. "Ko a sabunta ko kar a sabunta, ba ni ke yankewa ba. Iyaye mata ne. In sun ce ki zauna kin zauna."

Na fahimci abin da take nufi sarai. Takardar zamana a ƙasar tana ɗaure da aikin, ranar da aiki ya tafi ita ma ta tafi. Ni kuma na ajiye koyarwar shekara tara a Kano na taho, ni ke riƙe da Inna da ƙannena biyu, kuma Kawu ya faɗa a gaban kowa cewa ba zan kai shekara ba. Ina da taurin kai, ban ɓoye ba. Na ƙudura a raina ko da rarrafe sai na zarce shekarar nan.

Watannin farko na sha kunya iri-iri. Akwai silifa na aji, akwai silifa na banɗaki, wannan ba ya shiga wurin wancan. Rana ta uku na shigo aji ina taƙama da silifan banɗaki a ƙafata, ruwan hoda mai hoton agwagwa, yara suka yi ta dariya har wani ya faɗo daga kujera. Na miƙa wa Madam Yun rajista da hannun dama, cikin ladabin da aka koya mini a gida, ta tsaya tana kallon hannun har sai da na gane da hannu biyu ake ba babba abu. Ranar da wata tsohuwa ta kawo jikanta, na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, baiwar Allah ta zaci jiri ne ya ɗebe ni, ta hau yi mini fifita da jarida. Su sunkuyo suke yi, ba durƙuso ba.

Abinci ma wani yaƙin ne. Kullum da yamma ƙaurin naman alade yana haurowa daga ƙasa, ni kuwa shinkafa da ƙwai, gobe ƙwai da shinkafa. Kimci, kabejin nan nasu mai tsami da barkono, ranar farko na ɗauka ya lalace ne, na ja Madam Yun gefe na raɗa mata don kar yara su ci. Ta yi dariya har da hawaye. Bayan wata biyu ni ce mai neman ƙari.

Amma kewa ta ci ni, ba zan yi ƙarya ba. Mutanen nan ba su da mugunta, sai dai kowa sauri yake. Sai in yi mako guda ban ji wanda ya ce mini "sannu" ba. Ranar Juma'a ta fi yi mini nauyi, in tuna Inna tana turara ɗaki, ƙannena suna faɗa a kan wanda zai fara guga. Sau da yawa na shiga banɗakin makaranta na yi kukana, na wanke fuska, na canja silifa na koma aji.

Wata Asabar na je kasuwar Zhanxi Lu neman takalmin da zan aika wa ƙanwata. Ina cikin ratsa shaguna sai na ji wata murya tana tashi sama da ta kowa.

"Meyo, meyo! Kullum meyo! To wanga da ke bisa kanta mi ne ne, lawban? Ba lamba arba'in ba ce?"

Na tsaya cak. Wata dattijuwa ce doguwa, ta yafa lafaya, tana nuna wa lawban, wato mai shago, takalmin da ya ce meyo, wato babu. Na matsa na yi sallama. Ta juyo ta kama hannuna biyu.

"Ke ɗiyar wa a nan? Daga ina? Kano? Allah Sarki! Kin rame, ɗiyata, ba ki cin abinci?"

Hajiya Balki ke nan, 'yar Maraɗi, mai sarin takalma. Duk bayan 'yan watanni takan zo ta yi mako biyu, ta loda kaya ta koma. Tun daga ranar ta mai da ni 'ya. Ita ta nuna mini inda Musulmin China ke sayar da naman yanka a unguwar Xiaobei, ita ta koya mini cewa in mai shago ya ce meyo kar in tafi, in tsaya in ƙura masa ido. Ba ta taɓa fahimtar aikina ba. "Kin zo Sin kina koya wa 'yan Kore Ingilishi," takan ce, tana girgiza kai. "Wagga lakkwal taku sai ku." Lakkwal ita ce makaranta a bakin mutanen Maraɗi.

A makaranta kuwa na fara samun gindin zama. Yara suna kira na Rabi-sam, wato Malama Rabi. Aji mafi muhimmanci shi ne na manya, yara biyar da za su zauna wata babbar jarrabawar Turanci, wadda sakamakonta ke buɗe musu ƙofar jami'a a Koriya. A cikinsu akwai Sujin, 'yar shekara sha bakwai, mai ƙarfen gyaran haƙori da murmushin da ba ta cika saki ba. Ta fi kowa ƙoƙari, ta fi kowa tsoro. Uwarta ce shugabar iyaye mata. Su ma kamar mu ba sa kiran mace da sunanta, Sujin-omma suke cewa, Maman Sujin. Mace ce tsaf-tsaf, ba ta ɗaga murya, amma in ta shigo ofis har Madam Yun miƙewa take yi. Wata goma ina gaishe ta tana amsa mini da ka kawai.

Jarrabawar ta faɗo ranar Asabar, saura mako shida kwantiragina ya ƙare. Ranar Laraba Hajiya Balki ta sauka, ta kira ni masaukinta, ta zaro wani ƙulli daga ƙasan jaka.

"Ga tsarabarki. Karkashi ne, da daddawa da 'yar kanwa. Ki ci ki yi ƙiba."

Na sa hanci a ƙullin nan na ji kamar ina tsakar gidanmu. Na yi niyyar in riƙa tsakura kaɗan-kaɗan ya kai ni wata uku. Amma ranar Alhamis da na dubi yaran nan biyar, idanu sun faɗa, Sujin har wuyanta ya yi tsawo, sai tausayi ya kama ni. A Kano duk shekara nakan dafa wa 'yan ajina abinci kafin jarrabawar fita, mu ci tare, in yi musu addu'a. Na ce waɗannan ma 'ya'yana ne, kuma abin da na fi so a duniya shi zan ba su.

Ranar Juma'a na tuƙa tuwo da shinkafarsu ta Koriya, wadda ta fi kowace shinkafa yin tuwo, na kaɗa karkashin nan gaba ɗaya da naman sa. Yauƙi ya yi yadda ake so, in ka ɗaga ludayi har sama ba ya tsinkewa. Na zuba a kula na hau da shi. Madam Yun ta fita banki, don haka ba wanda ya tare ni.

Da na buɗe kula yaran suka kalli juna. Na ɗauka baƙunta ce. Ɗaya ya sa tsinkayen cin abincinsu ya ɗago, miya ta zame ta koma kwano, aka fashe da dariya. Na ce kowa ya wanke hannu, na nuna musu yadda ake gutsuro loma, a dangwala, a murza yatsu a yanke yauƙin. Cikin minti biyar aji ya kaure, miya har gwiwar hannu. Sujin ta cinye malmala ɗaya ta miƙo kwano da hannu biyu. Ban taɓa ganin haƙoranta duka a waje ba sai ranar. Wata a cikinsu ta ɗauki bidiyon yauƙin yana tsiyaya ta tura wa uwarta, ni har da ɗaga yatsu biyu a ciki.

Ba a yi rabin awa ba na ji takun ƙafafu a matakala. Iyaye mata huɗu suka shigo, Maman Sujin a gaba, Madam Yun a baya tana haki. Maman Sujin ta dubi kwanon 'yarta da aka suɗe tas, ta dafe ƙirji, ta faɗi wata kalma guda. Ta kama hannun Sujin suka fice, sauran ma kowa ta ja nata.

"Me na yi?" na tambayi Madam Yun. "Naman yanka ne, kuma ban sa yaji da yawa ba."

Ta zauna a kujerar yara ta riƙe kai. "Rabi-sam, a wurinmu ba a ba yaro abinci mai santsi in zai shiga jarrabawa. Muna da wata miyar ganyen teku mai santsi, ko ƙamshinta uwa ba ta bari ɗanta ya ji a wannan makon, don kar ya zame ya faɗi. Abu mai danƙo ake ba su, alewa ko wainar shinkafa, don su liƙe. Ke kuma kin kawo abin da ban taɓa ganin mai santsinsa ba a rayuwata."

A nan na tafka kuskure na biyu, na yi dariya. Na ce ai wannan camfi ne, miya ba ta rubuta jarrabawa. Madam Yun ba ta yi dariya ba.

"Ni ma na sani," ta ce. "Maman Sujin ma ta sani. Amma shekara uku tana tashi da asuba saboda gobe. Ba abin da ya rage a hannunta sai abin da za ta sa wa yarinyar a baki, shi ma kin karɓe."

Na tuna Inna, mai sallar dare da azumin Litinin da Alhamis, wadda har muka girma ba ta yarda mu ci ƙwai ba don kar mu yi sata. Da wata baƙuwa ta ɗura mana ƙwai ta kuma yi mata dariya, na san abin da zai biyo baya.

Na kira Hajiya Balki na zayyana mata. Sai da ta gama dariyarta, har tana tari, sannan ta ce, "To mi kike jira? In santsi ka kada su, ba su mai liƙewa mana! Ba ki iya kantu ba?"

Bayan sallar asuba na soya riɗi, na narka suga da zuma, na sauke shi da wuri don ya yi danƙo sosai. Ƙarfe bakwai ina ƙofar wurin jarrabawa da faranti a hannu, ni kaɗai baƙar fata a cikin iyaye. Na sunkuya yadda suke yi, na miƙa da hannu biyu. Uwaye uku suka taɓa kantun, suka ji yana kama yatsa, suka gyaɗa kai suka ba 'ya'yansu. Maman Sujin ta kau da kai. Sujin ta faki idonta ta ɗauki guda ta jefa a baki don ta faranta mini.

Na manta da ƙarfen haƙori. Kantun nan ya shiga kowane lungu na wayar ya kama, yarinya ta kasa buɗe baki sosai, ga shi jarrabawar har da ɓangaren magana. Ana kiran ɗalibai su shiga, Maman Sujin tana tsaye da tsinken sakace tana ƙwaƙulo riɗi ɗaya-ɗaya daga bakin 'yarta. Kallo ɗaya ta yi mini. Na ɗauki farantina na nufi tashar jirgin ƙasa ina cin sauran kantun, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Mako biyu muka jira sakamako. Ba wanda ya yi mini maganar kwantiragi, ni ma ban tambaya ba. Sujin ta daina zuwa. Na fara ba da kayan kicin ɗina kyauta, na tambayi Hajiya ko akwai wuri a kwantenarta da zan sa akwati ɗaya. Abin da ya fi damuna ba fuskar Kawu ba ce, yadda zan gaya wa Inna cewa miya ce ta kore ni daga aiki.

Sakamako ya fito ranar Talata. Huɗu sun sami makin da suke nema. Sujin ta gaza da kaɗan.

Washegari da rana, kafin yara su zo, Madam Yun ta leƙo aji ta ce ana nemana a ofis. Na tarar da Maman Sujin a zaune, jaka a cinya, ga wata takarda a kife a kan tebur. Na riga na shirya jawabina. Na sunkuya na ce na yi kuskure, na yi dariyar abin da bai kamata ba, kuma ba sai sun wahalar da kansu ba, zan tafi da kaina. Madam Yun ta fassara. Maman Sujin ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi magana mai tsawo a hankali, idonta a kan kwanon kifin nan.

"Ta ce ta yi fushi da ke ƙwarai, kuma har yanzu da saura," in ji Madam Yun. "Ta ce kantun ya fi miyar ba ta haushi. Amma ta ce akwai abin da ba ki sani ba. Mako uku kafin jarrabawa Sujin ba ta iya riƙe abinci, duk abin da uwar ta dafa mata sai ya dawo. Ta kai ta asibiti sau biyu, suka ce fargaba ce. Tuwonki ne abu na farko da ya zauna a cikinta, kuma ranar ta yi barci har safe. Ta ce ita uwa ce, ta iya ƙirga wannan ma."

Madam Yun ta juya takardar, na ga sunana a sama da sa hannun iyaye biyar a ƙasa.

"Sujin za ta sake zama nan da wata huɗu. Uwarta ta ce ba ta yarda da kowane malami ba sai ke. Sharaɗi ɗaya ne: duk abin da za ki dafa, sai an fito daga jarrabawa."

Na sa hannu. Ina shirin miƙewa sai Maman Sujin ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan kula, ta kwance murfin ta turo gabana. Miya ce baƙa-baƙa, ganye yana yawo a ciki, tana ƙamshin man riɗi. Na sa cokali na ɗago, ganyen ya zame ya koma. Na dubi Madam Yun a tsorace, na ce ko wani gwajin ne.

"Ita ce miyar da na gaya miki," ta ce tana murmushi. "Ba a shan ta ranar jarrabawa, amma dole a sha ta ranar haihuwa. Ita mace ke sha in ta haihu, shi ya sa duk shekara ɗa yake sha don ya tuna wahalar uwarsa. Da ta zo sa hannu ta ga kwanan watan a takardunki. Yau ne, ko ba haka ba?"

Wallahi na manta. A gidanmu ba wanda ya taɓa kula da ranar haihuwa, ni ma sai in ana cike fom nake tunawa. Maman Sujin ta nuna naman da ke ciki, ta haɗa Turancin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Nama, Xiaobei. Tukunya, sabuwa." Ta nemo wata kalmar. "Mamanki, nisa."

Sai ga Inna a idona, zaune a bakin murhu da zanin jego, tana kurɓar kunun kanwa, ni ina naɗe a gefenta. Hawaye suka ɓalle mini a gaban matar da na yi wata goma sha ɗaya ina tsoro, ban ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ta zaro hankici ta ajiye kusa da kulan, ta tura mini cokali, ta yi mini alama da hannu in ci tun da zafi.

Miyar ba yaji, ba daddawa, gishirin ma kamar an roƙo shi. Na shanye ta tas, na ɗaga kulan na kurɓe ruwan, ita kuma tana zaune ba ta tashi ba sai da ta leƙa ta ga ƙasansa.